Ka Bar Mujiya a Kukar Kakanka

Yindiski, Potiskum.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ku kun sauka lafiya, kai da Zainabu da abin da ke cikinta. Allah ya kiyaye hanya, ya raba ku da sharrin ƙarfe, ya sa kun shiga sabon wuri da ƙafar dama.

Na san za ka yi dariya idan ka tsinci takarda a cikin buhun daddawa da busasshiyar kuɓewa, ka ce me ya samu wayar Inna. Wayata lafiyarta ƙalau. Halinka ne na sani: ina magana kana "to Inna, to Inna," hankalinka yana can wani wuri, kafin in kai inda nake so kati ya ƙare. Takarda kuwa za ta zauna a aljihunka har ka karanta ta sau biyu. Kuma akwai maganar da bakina ba zai iya faɗa maka ido da ido ba.

Shekaranjiya da aka taru yi muku sallama na ji abu biyu, na yi shiru saboda idon jama'a. Gwaggonka Yagana, yayar mahaifinka, ta ja ka gefe ta ce kafin Zainabu ta kwana a gidan gona sai ka sa an yi wa bishiyar kukar bayan gida hayaƙi, an kori mujiyoyin da ke cikin kogonta, wai mai ciki ba ta zama kusa da mujiya. Na ji ka ce, "In sha Allahu, Gwaggo." Can kuma na ji kana cika wa abokanka baki cewa nan da shekara biyu sai ka tara tumaki arba'in a gonar. Abba, gonar nan ta gaban Damagum ita kaɗai ta rage mana cikin abin da kakanka ya bari, kuma ita za ta ciyar da kai da matarka da ɗan da kuke jira. In ta lalace ba mu da wata. Abubuwan nan biyu da kake shirin yi, duka na taɓa yin su da hannuna.

Ka san kana da yaya da ba ka tarar ba, amma ban taɓa ba ka labarinsa yadda ya kamata ba. Lokacin gidanmu na nan Yindiski shi ne na ƙarshe a layi, daga katangarmu sai gonaki. Muna da fili a bayan gida, da rumbun gero, da wata tsohuwar bishiyar kuka mai kogo wadda mujiyoyi suka riga mu zama a cikinta. Yayanka yana da shekara ɗaya da 'yan watanni, ƙarshen damina, zazzaɓi ya kama shi. Jikinsa ya yi zafi, ya ƙi nono.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filato da take haya a layinmu, Sista Rifkatu. Ta leƙo ta taɓa goshinsa ta ce, "Maman yaro, wannan zazzaɓin ba na zama a gida ba ne fa. Ki goyo shi mu tafi asibiti tare da safe." Na ce mata to. Tana fita Gwaggonka ta shigo, ta dubi yaron, ta dubi wajen kukar, ta ce, "Hajara, ke yarinya ce. Ba kya jin abin da ke kira a bayan ɗakinki? Tsuntsuwar nan yaro take so. In ba a kore ta ba, ko Kano kika kai shi aikin banza ne." Maganar Gwaggonka na ɗauka, domin ita ta yi daidai da tsoron da ke zuciyata.

Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, bai so ba. Ya ce, "Tsuntsu ne fa kawai, Hajara." Na ce masa in wani abu ya samu yaron nan ba zan yafe masa ba. Da hantsi ya ɗauki tsani da karan dawa da busasshen barkono, ya cusa a kogon ya kunna. Manyan biyu suka fito a gigice suka tashi, hasken rana na dukan idonsu. 'Ya'yan guda uku ba su iya tashi ba, a ciki suka mutu. Ya kwaɓa laka ya toshe bakin kogon. Ni kuwa na ji hankalina ya kwanta, har na ci abinci ranar.

Kwana huɗu na ƙara ina jiran sauƙi. Sai da yaron ya fara jijjiga muka ruga asibiti, kuma ma'aikata sun yi iya yinsu, amma mun makara. Zazzaɓin cizon sauro ne. Kwanansa ne ya ƙare, wannan na yarda da shi, amma kwana huɗun nan ni na zauna a kansu, kuma har yau suna yi mini ciwo. Saboda haka ka saurare ni. Zainabu ta riƙa zuwa awo a Damagum ba fashi, ko da shuka ake yi. Ku kwana cikin gidan sauro. Ranar da jikin ɗanku ya yi zafi, a ranar za ka ɗora uwar a bayan mashin, kada ka tsaya jin ta bakin kowa, har da ni.

Kakanka na wajen uba, wanda ka ci sunansa, ya zo daga gona don zaman makoki. Rana ta uku ya zagaya bayan gida, ya ga lakar da aka toshe kogon da ita, ya daɗe a tsaye. Sai ya aika aka kira ni. Ya duƙa a gindin kukar ya tsinto wasu busassun dunƙule-dunƙule masu launin toka, irin waɗanda mujiya ke amayarwa bayan ta ci abinci. Ya murje ɗaya a tafin hannunsa, sai ga gashi da ƙananan ƙasusuwa da haƙora.

Ya ce, "'Yar nan, duba. Wannan kan ɓera ne. Wannan ma na ɓera ne." Ya murje wani, shi ma haka. "Yaro na Allah ne, ya karɓi abinsa, kuma addini bai san tsuntsu mai kiran rai ba. Amma mai gadin rumbunku kuka kora."

Raina ya ɓaci ƙwarai. A zuciyata na ce ina fama da rashin ɗa, tsohon nan yana yi mini maganar ɓera. Na ce, "To, Baba," na koma ɗaki.

Shekarar gero ya yi kyau, mun cika rumbu har baki. Kafin tsakiyar rani sai na fara ganin ɓawon gero a gindinsa kowace safiya. Da can ma akwai ɓera, wane gida ne babu? Amma da sai ka yi mako ba ka ga ɗaya ba. Yanzu da rana tsaka suke ratsa tsakar gida, ko kallona ba sa yi. In na zaro zangarniya sai in ga sanda ce kawai, an cinye ƙwayar.

A nan na yi wautata ta biyu. Na sayo shinkafar ɓera a kasuwa, na cakuɗa da ƙuli-ƙuli, na zuba a kowace kusurwa har da gindin rumbu. Washegari na share matattun ɓeraye cike da kwando, na watsar a bola ina jin daɗi. Magenmu ta ci waɗanda suke layi ba su ƙarasa mutuwa ba, kwana biyu ta bi su. Shirwar da ke shawagi a kan bola, na ga biyu a ƙasa fukafukai a baje. Zabina guda takwas suka tsattsage ragowar ƙuli-ƙulin, ko ɗaya ba ta kai labari ba. Su ne kuwa masu tsince mini fara a ɗan lambun yakuwa da kuɓewa, da kaska a wajen turke. Da ruwa ya sauka, fara ta cinye yakuwar tun tana ganye biyu.

Ɓerayen fa? Wata ɗaya aka yi shiru, suka dawo sun fi na da yawa. A nan na gane abin da ban taɓa lura da shi ba: wanda ake ci ya fi mai cinsa saurin haihuwa. Ɓera kafin ka juya ta haihu, 'ya'yan ma sun haihu. Mujiya kuwa sai ta ɗauki lokaci kafin ta fitar da 'ya'ya biyu ko uku ta raine su. Guba ta kashe na ƙasa da na sama tare, na ƙasan ne kawai suka iya mayar da gurbinsu da wuri, suka dawo suka tarar ba mage, ba shirwa, ba mujiya.

Ka san abin da ya kawo ƙarshensu? Ba ni ba ce. Rumbu ne ya ƙare. Da gero ya ƙare suka koma kan buhu da sabulu da igiyar guga, har ƙafar mahaifinka sun ɗanɗana. Daga baya na riƙa tsintar 'ya'yansu an cinye rabi, iyayen ne da kansu. Suka rame, gashinsu ya zube, kafin ƙarshen bazara gida ya yi tsit. Sun yi yawa har iyakar abin da geronmu zai iya ɗauka, da ya ƙare suka ƙare. Amma mu ma ba mu da abin sa wa a tukunya, kuma a lokacin ina da cikinka wata biyar.

Na ga littafinka na kwalejin noma mai kibiyoyi, ciyawa zuwa fara, fara zuwa zabuwa, zabuwa zuwa shaho. Na san ka ci jarrabawa a kansa, shi ya sa na yi mamakin jin "In sha Allahu, Gwaggo" daga bakinka. A bayan gidana abin bai tsaya a layi ɗaya ba, ya fi kama da saƙar tabarma, ka zare kaba ɗaya sai ka ga wani gefen da ba ka taɓa ba ya kwance. Kada shinkafar ɓera ta shiga gonar nan. Ka ɗora rumbu a kan duwatsu, ka share ciyawar da ke kewaye da shi, kada ka bar tsaba a zube, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ka nemi mage. In sun matsa ka ɗana tarko, shi wanda ya taka kaɗai yake kamawa. Sauran aikin ka bar wa masu kogo, sun fi ka iyawa kuma ba sa neman lada.

Yanzu maganar tumakinka arba'in. Da a ce ina da hankali, abin da na gani a rumbu ya ishe ni darasi, amma ban ɗauka ya shafe ni ba, na ɗauka labarin ɓeraye ne. Kana da shekara biyu mahaifiyata ta rasu, na gaji tumaki huɗu, balami masu tsayi. Na ɗaure su a bayan gida. Suka yi ta haihuwa, wasu tagwaye, ni kuma na ƙi sayar da ko ɗaya sai ragon layya. Cikin shekara biyar suka kai ashirin da shida. Matan unguwa har zuwa kallo suke yi, ni kuwa kaina ya yi girma, ana ce mini Hajara mai tumaki ina amsawa.

Kakanka yana da wata al'ada da nake yi wa dariya. Duk shekara in an gama girbi sai ya hau rumfa ya ƙirga damin harawa da na kara ɗaya bayan ɗaya. Sai ya zauna ya yi lissafin watannin rani, ya ƙara wata guda a kai, wai ko ruwa zai makara. Duk tunkiyar da bai ga abincinta a kan rumfa ba, ranar kasuwa sai ya sako ta a mota zuwa Potiskum tun tana da ƙiba. Bai taɓa wuce sha biyu ba, wata shekarar ma tara. Da ya zo ya ga garkena sai ya ɗaga kai ya dubi rumfata, ya ce, "'Yar nan, ba da damina ake ƙirga tumaki ba. A ƙarshen bazara ake ƙirga su." Bayan ya tafi na ce wa mahaifinka tsohon nan tsoron arziki yake yi.

Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Shekarar ruwa ya makara. Harawata ta ƙare tun zafi bai kankama ba, dusa ta yi wuya a gari domin kowa nemanta yake yi. Tumakin suka cinye zanan da na kewaye su da shi, suka koma kan kwali da leda. Iyayen suka daina ba da nono, ƙananan suka fara mutuwa. Ga su a cunkushe wuri ɗaya, kashi a kan kashi, ɗaya ta fara tari da majina, kafin mako duka sun ɗauka. Na kai uku kasuwa, dillalai suka dube su suka dube ni, wani ya ce, "Hajiya, fata kika kawo ko tunkiya?" Wadda muka yi saurin yankawa, mahauci ya zaro leda daga tumbinta kamar ana zare tsumma daga matashi. Ranar da ruwan farko ya sauka shida suka rage mini, ƙasa da abin da kakanka yake da shi a ranar, kuma nasa suna tsaye da ƙafafunsu.

Asarar tumakin ma da sauƙi a kan ta filin. Shekara biyar suna cin ciyawar tun ba ta yi iri ba, suna tattake ƙasar. Da damina ta zauna babu abin da ya fito sai tumfafiya, wadda ko akuya ba ta so. Ruwa ya rasa abin da zai riƙe shi, ya yanka kwari tun daga gindin kukar har bakin hanya. Mahaifinka ya gwada gero shekara biyu, bai kai gwiwa ba. Daga ƙarshe ya sayar aka yanka filaye. Wurin wankin keke napep ɗin nan da kake wucewa kullum, da shagon cajin waya, nan ne filinmu, kuma wajen famfonsu kukar take kafin a sare ta.

Ban ce kada ka yi kiwo ba, kuma ban raina karatunka ba. Wataƙila ka san irin ciyawar da za ka shuka ko yadda za ka adana harawa, har gonar ta ɗauki fiye da sha biyun kakanka. In haka ne, madalla. Amma abincin za ka fara tarawa, sa'an nan ka ƙara baki. Ka hau rumfa ka ƙirga da kanka, ka ƙara watan nan guda na kakanka, abin da ya yi saura ka kawo kasuwa yana da ƙiba. Ka bar wani gefen gonar ya huta ciyawa ta zubar da iri. Abokan da ka cika wa baki ba za su zo su taya ka jan mushe ba, ni ma matan da suka zo kallo ko ɗaya ban gani ba.

Gwaggonka kuwa kada ka yi musu da ita. Ba mugunta ce ta sa ta faɗa ba, tana son ɗanka ne, kamar yadda ta so yayanka, kuma har gobe ta yarda cewa makara muka yi wajen korar tsuntsuwar. Tsohuwa ce, ba za ka canja ta ba. In ta kira ta tambaya, ka gaishe ta da ladabi ka ce Inna ce ta hana. Ka bar ni da ita, mun fi shekara talatin muna fafatawa. Zainabu ce nake so ka zaunar. In ta ji tsoro kada ka yi mata dariya, na san irin tsoron. Ka kai ta gindin kukar da safe, ka tsinci dunƙulen nan ka murje mata a tafin hannunka ta gani da idonta. In ta ga dama ta karanta takardar nan, ban ɓoye mata komai ba.

Saura abu ɗaya. Na ce maka bazarar da rumbunmu ya ƙare ina da cikinka wata biyar. Mun kai ga tafasa da rama muke kwaɗantawa, in na miƙe sai jiri ya ɗebe ni, Sista Rifkatu ta ja fatar idona ta ce jinina ya yi ƙasa, in ba a yi da gaske ba cikin ba zai zauna ba. Ban gaya wa kowa ba don kunya. Rannan da la'asar sai ga motar Damagum ta tsaya a bakin layi, aka sauke buhu uku na gero, kakanka ya fito daga gaba yana kakkaɓe riga. Shekara ɗaya muka yi noma da shi, ruwa ɗaya muka samu, nasa rumbun ko zangarniya ɗaya ba a taɓa ba. Bai ce mini "na faɗa miki" ba. Ya ce kawai, "A dama mata kunu." Da kunun geron nan na ƙarasa watanni huɗun da suka rage, na haife ka da ƙibarka. Mujiyoyin da ke cikin kukar da Gwaggonka ta ce ka yi wa hayaƙi, kakanninsu ne suka yi gadin geron.

Ka bar su, Abba. Ka bar su su yi wa ɗanka abin da suka yi maka.

Allah ya sauki Zainabu lafiya, ya raya abin da za ta haifa, ya nuna mini shi da idona. Allah ya ba ku damina mai albarka, ya tsare ku daga ciwo da wuta da sharrin dare da na rana, ya jiƙan mahaifinka da kakanka da yayanka. Daddawar ka ce wa Zainabu ta shanya ta kafin ta zuba a tulu, ban gama busar da ita ba.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Hajara.